BABI NA BIYU: TARIHIN ZANGO DA SALLAHU A AIKIN GANO KURAKURAN KWAMFUTA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin wata dabara da marubuta manhajar kwamfuta suka daɗe suna amfani da ita wajen gano kuskure, wato tsayar da manhaja tana tsakiyar aiki domin a leƙa abin da ke cikinta. Za a duba yadda dabarar ta faro, da matakan da ta bi har zuwa lokacin da aka iya rubuta wa na'ura sharuɗɗan tsayawar tun kafin a fara aiki. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, a duk tsawon wannan tarihi tambaya guda ake ta juyawa: wa zai yanke hukuncin a tsaya ko a wuce? Da farko mutum ne da hannunsa. Sannu a hankali aka riƙa miƙa hukuncin ga rubutaccen umarni, kuma kowane mataki tsada ce ta haifar da shi.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa wannan batu da ƙauyukan arewacin Kano. Amsar ita ce lissafin kwamfuta ya daɗe da shiga rayuwar manoman yankin. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Da bayanan waɗannan ƙauyuka aka gwada tsarin lissafin yaɗuwar cutar wanda Dietz da Molineaux da Thomas suka buga a 1974. Haka kuma a 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara rabon taki mai rangwame ta hanyar saƙon wayar hannu, inda sunan manomi a cikin kwamfuta shi ne shaidarsa ta samun buhu biyu. Idan manhaja irin wannan ta yi kuskure, a gona ake ganin sakamakon. Saboda haka sanin yadda ake farautar kuskuren ya shafe mu.

2.1 Ma'anar Kalmomi

Kafin a shiga tarihi ya kamata a fayyace kalmomi huɗu da za a riƙa maimaitawa.

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Dibaga wata manhaja ce ta musamman wadda ake ɗora ta a kan manhajar da ake zargi, ta riƙe linzaminta, ta tsayar da ita ko ta sake ta, ta kuma nuna abin da ke cikin ma'ajiyarta.

Zango shi ne wurin da aka yi wa alama a cikin manhaja domin ta tsaya idan ta iso. An ari kalmar ne daga fatauci. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba ya tsayawa ko'ina sai inda madugu ya ayyana. A nan ake sauke kaya, a duba dabbobi, a ƙirga mutane, sannan a sake ɗaura kaya a kama hanya. Haka zangon manhaja yake.

Sallahu kuwa shi ne umarnin da marubucin manhaja yake bar wa dibaga a kan abin da za ta yi idan aka iso zango: ta tsaya, ko ta wuce, ko ta rubuta wani abu sannan ta wuce. Kamar dai mutum ya bar wa maƙwabcinsa sallahu ya tafi harkarsa.

2.2 Zamanin Hannu

Na'urar ENIAC, wadda aka gina a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka aka kuma nuna wa jama'a a watan Fabrairu na 1946, ba a rubuta mata manhaja a takarda a loda mata. Ana tsara aikinta ne ta hanyar jona wayoyi da murɗa makunnai. Mata shida ne suka fara wannan aiki, kuma ɗaya daga cikinsu, Betty Holberton, ita ake danganta wa asalin dabarar zango. Idan ana son a ga inda lissafi ya kai, sai a zare wayar da ke kai saƙon ci gaba daga wani sashe zuwa na gaba. Na'urar sai ta tsaya cik, a karanta lambobin da ƙananan fitilunta suke nunawa. A wannan mataki zango da sallahu duk suna hannun mutum.

A Ingila, na'urar EDSAC ta Jami'ar Kambirij ta fara aiki ranar 6 ga Mayu, 1949. Shugaban aikin, Maurice Wilkes, ya faɗa daga baya cewa tun a shekarar ya fahimci babban kaso na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakuran da shi da kansa ya rubuta. Hanyar farko da aka bi ita ce mutum ya zauna gaban na'ura yana tura umarni ɗaya-ɗaya yana kallon allo. To amma na'urar guda ce, masu jira kuwa da yawa. Wannan ne ya sa Stanley Gill ya fito da wata dabara wadda ya bayyana a wata maƙala a 1951: a sanya wani umarni na tarewa a cikin manhaja, wanda zai karkatar da aiki zuwa ga wata ƙaramar manhajar bincike. Ita kuma ta buga bayanin abin da ke gudana a takarda, mai aikin ya ɗauka ya je ya nazarta a teburinsa, ya ba wani wuri. Idan aka lura, wannan shi ne sallahu na farko, kuma tsadar lokacin na'ura ce ta haife shi.

Kamfanoni ma sun yi nasu ƙoƙarin. Na'urar IBM 650, wadda ta fara isa hannun masu saye a 1954, tana da makunni a gabanta wanda ake saita adireshi da shi, na'urar ta tsaya da zarar ta iso wurin. Duk da haka sai mutum yana tsaye kafin a san abin da za a yi bayan tsayawar.

2.3 Flit da DDT

Turawa suna kiran kuskuren manhaja da sunan ƙwaro. Kalmar ta girmi kwamfuta, amma ta ƙara shahara bayan da aka ciro wani malam-buɗe-littafin dare daga cikin na'urar Mark II ta Jami'ar Harvard a watan Satumba na 1947, aka manna shi a littafin aiki. Da yake ƙwaro ake farauta, sai masu ƙirƙiro dibaga na farko suka sa musu sunayen maganin ƙwari.

A cibiyar fasaha ta MIT akwai wata na'ura mai suna TX-0 wadda aka bar ɗalibai su zauna gabanta su yi aiki kai tsaye. Wajajen 1959 zuwa 1960 Jack Dennis da Thomas Stockham suka rubuta mata dibaga suka kira ta FLIT, sunan maganin feshin nan wanda a Nijeriya ya zama sunan kusan duk wani maganin sauro na fesawa. A 1961 Alan Kotok ya rubuta wata don na'urar PDP-1, aka sa mata DDT, shi ma sunan maganin ƙwari. Muhimmancin waɗannan biyu shi ne sun mayar da zango abin da ake rubutawa da madannai. Dibaga ce take cire umarnin da ke wurin ta ajiye, ta sa nata a madadinsa, ta kuma mayar da na asali idan za a ci gaba.

DDT ta na'urar PDP-10, wadda ta zo daga baya, ta ƙara abubuwa biyu masu muhimmanci ga wannan nazari. Na farko ƙidaya: ana iya cewa kada a tsaya sai an ratsa zangon sau kaza. Na biyu sharaɗi: ana iya liƙa wa zango wani umarnin gwaji, wanda sakamakonsa zai nuna a tsaya ko a wuce. Ana iya kafa zango har takwas a lokaci guda. Daga nan zango ya fara samun nasa hankalin, ko da yake ɗan kaɗan ne.

2.4 Zamanin Unix

Babbar manhajar Unix ta ɗakin binciken Bell ta kawo wani tsari a fitowarta ta shida, a 1975, wanda ya ba wata manhaja damar riƙe wata, ta karanta ma'ajiyarta, ta tsayar da ita. Sunan tsarin ptrace, kuma har yau a kansa dibagogin Linux suke dogara. A fitowa ta bakwai, a 1979, aka samu dibaga mai suna adb wadda Stephen Bourne ya rubuta. A cikinta ana iya kafa zango tare da ƙidaya da kuma umarnin da za a zartar duk lokacin da aka iso. Idan umarnin ya mayar da wani gurbi na musamman sifili, sai a tsaya nan take. Wato sakamakon sallahu ya zama shi ne hukunci.

Matsalar adb ita ce da harshen na'ura take magana, mai wuyar karantawa. A farkon shekarun 1980 Mark Linton ya rubuta dbx a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta fito tare da Unix na jami'ar a 1983. Da ita ana iya cewa a tsaya a layi kaza na rubutun manhaja idan gurbi kaza ya zarce adadi kaza. Dbx ta kamfanin Sun tana da umarnin "when", wanda yake zartar da jerin umarni a zango ba tare da ya tsayar da aiki ba. A 1986 Richard Stallman ya fitar da GDB, wadda ya tsara bisa salon dbx, ya kuma ba da ita kyauta tare da rubutunta na asali. GDB ta tattara dabarun baya wuri guda: "condition" domin sharaɗi, "ignore" domin ƙidaya, "tbreak" domin zango mai goge kansa bayan tsayawa ɗaya, da "commands" domin jerin umarnin da za a bi bayan an tsaya.

Masu ƙera ƙwaƙwalwar na'ura su ma sun taimaka. Tun daga Intel 8086 na 1978 akwai umarnin tarko mai tsawon bayit ɗaya tak, wanda dibaga take dasawa a wurin zango. A 1985 Intel 80386 ya zo da gurabe huɗu na musamman da ake sa adireshi a cikinsu, na'urar da kanta ta sa ido, ta tsaya idan an taɓa wurin. Wannan ya ba da damar kama lokacin da aka sauya wata lamba, ko da ba a san wane layi ne yake sauya ta ba. A ƙananan kwamfutoci irin waɗanda suka yawaita a manyan makarantun Nijeriya a shekarun 1990, akwai DEBUG ta MS-DOS mai karɓar zango har goma, da kuma dibagar da kamfanin Borland ya haɗa cikin Turbo Pascal tun daga 1988.

2.5 Dibaga Mai Cikakken Harshe

Duk da wannan ci gaba, sallahun da ake iya barwa gajere ne. Sharaɗi yana duban halin da ake ciki yanzu kawai. Yana da wuya a ce masa ya tuna abin da ya gani a zagaye ɗari da suka wuce, ko ya haɗa abin da ya faru a zango biyu. Masu bincike suka ga cewa dibaga tana bukatar harshe irin wanda ake rubuta manhaja da shi.

A 1990 Olsson da Crawford da Ho na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gabatar da Dalek, wadda suka gina a kan GDB. Tana iya haɗa ƙananan abubuwan da suka faru a zanguna daban-daban su zama babban al'amari guda, a tsaya sai idan shi ya auku. A 1994 Phil Winterbottom na ɗakin binciken Bell ya bayyana Acid, dibagar babbar manhajar Plan 9. Shi ya juya tsarin ne gaba ɗaya: ya fara da harshe, sannan ya rubuta umarnin kafa zango da na takawa da wannan harshe. Duk wanda bai gamsu da halin zango ba yana iya buɗe rubutun ya gyara. Waɗannan ayyuka ba su yaɗu kamar GDB ba, amma sun nuna alƙiblar da aka bi daga baya.

Abin da ya rage shi ne kowace dibaga da nata harshen, wanda sai an koya. Mafitar da aka samu ita ce a ɗauko harshen da mutane suka riga suka sani. A watan Oktoba na 2009 GDB 7.0 ta fito da damar rubuta mata sallahu da Python, harshen da Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991. A 2010 GDB 7.2 ta ba Python damar kafa zango da sauya halayensa. A 2011 GDB 7.3 ta ƙara abin da ya kammala tafiyar: marubuci yana iya ƙirƙiro nasa nau'in zango, ya rubuta masa wani aiki mai suna "stop". Duk lokacin da aka iso zangon sai a kira wannan aiki. Idan ya amsa da i, a tsaya. Idan ya amsa da a'a, manhaja ta wuce kamar ba a yi komai ba. A 2012 aka ƙara zango mai jiran wani aiki ya kammala domin a duba abin da ya dawo da shi, da kuma "dprintf", zangon da yake buga saƙo ya wuce. A 2014 GDB 7.8 ta karɓi harshen Guile. Ita ma LLDB, wadda kamfanin Apple ya fito da ita a 2010, tana da irin wannan tsari da Python.

2.6 Misali

Domin a ga amfanin wannan, a ƙaddara wata ƙungiyar manoma a ƙasar Dambatta tana da manhajar rabon taki mai ɗauke da sunaye dubu goma, kowa buhu biyu. Da aka gama lissafi sai jimilla ta zarce abin da ke sito. Ana zargin wani yana fitowa sau biyu, amma ba a san ko wane ne ba.

Idan aka kafa zango irin na da a layin da ake ba kowa rabonsa, mai bincike zai danna "ci gaba" sau dubu goma, kuma kafin ya kai rabi idonsa ya gaji. Ƙidaya ba za ta yi amfani ba, domin ba a san zagaye na nawa ne ba. Sharaɗi ma haka, domin ba a san sunan da za a nema ba. Amma da sallahun Python, sai a ce wa zango ya riƙe jerin duk lambar rajistar da ta wuce ta gabansa. Idan sabuwa ce ya rubuta ta ya ce a wuce. Idan ya taɓa ganinta ya ce a tsaya. Manhajar za ta tsaya ne daidai kan matsalar, komai yana nan a ma'ajiya yadda yake, a duba ko rajista aka yi sau biyu ko manhajar ce take maimaita layi. An yi wannan ba tare da an taɓa rubutun manhajar ba, abin da yake da muhimmanci idan gyara da sake harhaɗa ta zai ɗauki lokaci, ko kuma wutar lantarki ba ta da tabbas.

2.7 Iyakokin Sallahu

Hausawa kan ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sallahu yana da nasa farashin, kuma za a kawo guda uku.

Na farko jinkiri. Ko da hukuncin ya zama a wuce, sai da manhaja ta faɗa tarko, babbar manhaja ta sanar da dibaga, dibaga ta karanta ma'ajiya ta zartar da sallahu, ta san yadda za ta zartar da umarnin asali da tarkon ya maye gurbinsa, sannan ta saki linzami. Idan zangon yana cikin zagayen da ake maimaitawa sau miliyoyi, aikin daƙiƙa kaɗan zai iya komawa na sa'o'i. Saboda wannan ne GDB 7.5 ta ba da damar a tura sharaɗi can inda manhajar take gudana a gwada shi a wurin.

Na biyu, leƙen da kansa yana iya sauya abin da ake leƙawa. A manhajar da sassanta suke gudu tare, wasu kurakurai sun dogara ne da wanda ya riga wani isa. Jinkirin zango yana sauya tseren, kuskuren ya ɓuya. Jim Gray ya yi bayanin irin waɗannan kurakurai masu ɓacewa idan an neme su a wani rahoto da ya rubuta a 1985.

Na uku, sallahu shi ma manhaja ne, don haka yana iya ɗaukar kuskure. Idan a misalin da ya gabata aka kwatanta sunaye maimakon lambar rajista, zangon zai riƙa tsayawa a kan mutane daban-daban masu suna ɗaya, waɗanda suke da yawa a kowane ƙauye. Idan kuma aka rubuta sharaɗin a juye, ba zai taɓa tsayawa ba, mai bincike ya ɗauka babu matsala. Wannan ya fi haɗari, domin shirun zango ba shaida ba ce ta lafiyar manhaja. Masu kula da GDB sun gindaya ƙa'idoji saboda irin haka: a cikin aikin "stop" ba a so a tura manhaja gaba, ko a goge zango ko a kafa wani, domin a lokacin dibagar ba ta gama yanke hukunci ba. Haka kuma ba ta yarda zango guda ya haɗa sharaɗi na "condition" da na Python.

2.8 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga yadda zango ya taso daga wayar da ake zarewa da hannu a ENIAC, ya zama umarnin tarewa a EDSAC, ya samu ƙidaya da sharaɗi a DDT, ya samu jerin umarni a adb da dbx da GDB, har ya samu cikakken harshe a Acid da kuma GDB ta 2009 zuwa 2011. A farko lokacin na'ura ne mai tsada, shi ya sa aka nemi a tashi mutum daga gabanta. Da na'urori suka yi araha, sai hankalin mutum ya zama abin tattali, aka nemi a rage masa tsayawar da ba ta da amfani. An kuma ga cewa abin da aka miƙa wa na'ura shi ne zartar da hukunci kawai. Zaɓen wurin zango da tsara tambayar da za a yi a wurin suna nan a wuyan marubucin manhaja, kamar yadda suke a zamanin Holberton. Saboda haka ɗalibin da yake koyon wannan fanni ya kamata ya fara gwada sallahunsa a kan bayanan da ya san akwai kuskure a cikinsu, ya tabbatar zangon yana tsayawa inda ya dace, kafin ya amince da shirunsa a kan jerin sunayen mutanen da suke jiran taki kafin saukar damina.